Salular Legas Ba ta Musaya Ba Ce

Litinin da dare, Karofane

Yau an mayar da ni abin dariya a kasuwar Buza. Salular da na zo da ita daga Legas, mai faɗin gilashin nan, na kai wa mai gyara ya sa mata fus, wato layin waya, in riƙa kira. Ya buɗe bayanta, ya jujjuya, ya ce ko ramin fus ba ta da shi. Wai rezonta, wato sabis ɗin da take kamawa, daban ne, ba ta jituwa da namu na Nijar. Ni ina zan sani? A can da lambarta a ciki na saye ta.

Yaya Idi ya ce, "Kai Sani, rani guda kana turin ruwa, ashe madubi ka sayo! Ba shi ita, ya ba ka 'yar ƙarama mai tocila."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba ni badawa."

Su yi ta dariya. Da la'asar na ɗauki ɗiyata Hadiza bidiyo tana korar kaji, tana kiran "Baba". Bara a Legas har kamanninta suka fara ɓace mini, ban faɗa wa kowa ba. Bayan girbi zan koma, kuma wannan karon a aljihuna za ta tafi. Mai tocilar tasu ta iya wannan?