Na Yi Barci da Jikana a Cinyata

Zuwa ga Ingelise,

Don Allah ki taimaka mini da shawara. A gidanmu ana ta gardama a kaina, ni kuma yawanci ina barci lokacin da ake yin ta.

Shekaruna hamsin da takwas. A gidan burodi na yi aiki tun ina budurwa, a wani ƙaramin gari na yammacin yankin Yutlan, kuma duk tsawon shekarun nan kafin asuba nake tashi, ba a taɓa tashe ni ba. Hunturun bara waccan ina kan keke zan tafi aiki, tayar gaba ta zame a kan ƙanƙara, na bugi gefen titi da wuyana. Ba mota, ba kowa, ni kaɗai na faɗi. Lakar ƙashin bayana ta samu rauni a ƙasan wuya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba na jin komai sai wani zugi kamar ana zuba mini ruwan zafi. Hannuwana suna motsi, amma yatsun ba sa riƙe abu da kyau. Na yi watanni a asibitin masu irin lalurata, aka koya mini cin abinci da cokali mai maɗauri da tuƙa keken guragu mai batir, sannan aka sallamo ni.

A can ba haka nake ba. Ni ce ma ke riga kowa zuwa ɗakin motsa jiki, har ma'aikata suna tsokanata cewa na ɗauka tanda na zo kunnawa. Bayan na dawo gida ne yawan barcin ya fara, kuma ba zan iya cewa ga ranar ba. Na dai san ƙafafuna sun riƙa ƙamewa suna fizga, likita ya ƙara mini maganin hakan, daga baya ya haɗa da wani na zugin. Ɗakin kwananmu a sama yake, don haka aka kafa mini gadon asibiti a falo, inda teburin cin abinci yake a da. Mijina Ejvind yana kwana a sama. Injin jiragen kamun kifi yake gyarawa, sammako yake yi, kuma bayansa ba ya son doguwar kujera. Ni na ce ya ci gaba da kwana a saman, ba shi ya nema ba.

Yanzu ga yadda yinina yake. Matan da ƙaramar hukuma ke turowa su zo da safe su yi mini wanka, su ɗora ni a keke. Ina farkawa da ciwon kai, bakina a bushe, kamar ban kwanta ba. In sha kofi, in ci rabin yankan baƙin burodi, kafin su gama gyara gado na fara gyangyaɗi. Na yi barci ana yi mini aski. Na yi barci ina waya da ƙanwata, ta yi ta magana ita kaɗai har ta gane. Ƙawayena na ƙungiyar mawaƙan coci sun zo mini da waina sau biyu, sau biyun na bar su zaune suna kallon juna, yanzu sai dai su aiko da gaisuwa. Ban ga laifinsu ba.

Abin da ya sa na rubuto ya faru ne wata Lahadi kwanan baya. 'Yata Malene ta zo da mijinta Troels da jaririnsu Viggo, jikana na fari. Muna shan kofi ta sa matashi a cinyata ta ɗora mini shi, na zagaye shi da hannu, ita kuma ta shiga kicin ɗauko madara. Na tuna ɗumin kansa a ƙarƙashin haɓata. Abin da na sani bayan wannan shi ne ƙarar kofi da ya faɗi, ga Troels a durƙushe gaban kekena, yaron a hannunsa. Hannuna ne ya saki, matashin ya zame, uban ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

Babu wanda ya yi mini faɗa. Malene ta share kofin, ta ce, "Ba komai Mama, ko farkawa bai yi ba." Amma tun daga ranar in sun zo, bargo take shimfiɗawa a ƙasa ta kwantar da shi, wurin da ba zan iya kaiwa ba. Ba mu taɓa zancen ba. Ina kallonsa daga sama kamar ina kallon talabijin.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ban ji komai ba. Na san ya kamata gabana ya faɗi, in yi kuka, in kasa cin abinci. Na duba cikina na ga babu. Bayan sun tafi ma barci na koma.

Ejvind ya ce ciwon damuwa ne. Ya karanta wani abu a wayarsa, ya karɓo mini ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ya tambaye ni ba. Da na ce ba inda za ni, sai ya ce, "Ke fa ba barci kike yi ba, ɓuya kike yi." Na ce to ya zo ya nemo ni. Ƙanwata kuma ta ce duhun hunturu ne, kowa haka yake ji, bazara na zuwa zan warware, kamar ba a yi bazara ɗaya ina wannan hali ba. Malene tana goyon bayan ubanta.

Ni ban yarda ba. Na ga mai ciwon damuwa, mahaifiyata ta yi shi, kuka take yi a bakin taga. Ni ba na kuka. Ba na jin haushin keken, ba na tambayar me ya sa ni. Kawai dai ba abin da nake marmari. Burodi ma, da a da daga ƙamshi nake gane wanda ya kwaɓa shi, yanzu duk ɗaya ne a bakina. Ba na tunanin yi wa kaina wani abu, kar ki ɗauka haka. Amma da za a ce mini gobe ba zan farka ba, ina jin zan ce to, shi ke nan.

Shin in je wurin likitan nan don a zauna lafiya, ko in tsaya a kan cewa barci ne kawai? In kuma na je, me zan ce masa, tunda ba abin da ke damuna?

Mai gyangyaɗi a falo

*

'Yar'uwa mai gyangyaɗi,

Ki je. Amma kafin nan akwai wani likitan da nake so ki fara gani, kuma a cikin makon nan. Ina ganin ke da Ejvind kowa ya riƙe rabin gaskiya, kuna ja.

Bari in fara da naki rabin. Ni ba likita ba ce, amma barcin da ke kwashe mutum yana tsakiyar waya ba abin da za a jingina wa hali ko hunturu ba ne. Ke da kanki kin ce ya fara ne a daidai lokacin da aka ƙara miki magunguna. Maganin ƙamewar jijiya da na zugi duka an san su da sa barci, in aka haɗa su kuwa abin ya fi. Kada ki rage ko ki daina da kanki, don wasunsu in aka yanke su farat ɗaya suna da hatsari. Ki kira asibitin da suka kula da lakarki, ki nemi su duba duk abin da kike sha a zama ɗaya. Sau da yawa ana iya sauya lokacin sha, ko yawansa, ko maganin ma gaba ɗaya.

Sai ciwon kan safe da bushewar baki, da kika ambata kika wuce. Masu rauni a wuya da yawa numfashinsu yana ɗaukewa cikin barci, ya dawo, ya sake ɗaukewa, ba su sani ba. Mutum ya kwana a gado amma jikinsa bai huta ba. Yawanci abokin kwana ne ke fara lura, daga minshari ko shirun da ke biyo bayansa. Ke kuwa tun da kika dawo gida babu wanda ya kwana kusa da ke. Ki nemi a yi miki gwajin barci. Abu ne mai sauƙi, sau da yawa a gida ake yin sa, kuma in shi ne, yana da magani. Su duba jini su duba fitsari a tafiya ɗaya, don ƙarancin jini ko ciwon mafitsara kan zo wa mai irin jikinki a siffar kasala. Kafin lokacin, Ejvind ya samo katifa mai kyau ya sauko falo na 'yan kwanaki ya saurara. Bayansa zai jure.

Yanzu rabin mijinki. Ciwon damuwa ba kullum yake zuwa da kuka ba. Na mahaifiyarki ya zo haka, na wasu kuma yakan zo ne da abin da kika kwatanta: abinci ba ɗanɗano, mutane kamar a bayan gilashi, a duba ciki a ga babu. Kin rasa aikinki, da ɗakinki, da hannuwan da kika sani, duk a safiya ɗaya, kuma a asibiti kina da abin tashi dominsa kullum, a gida babu. Ba zan ce miki lallai shi ne ba. Rashin barci mai kyau da magunguna ma suna iya dusashe mutum haka, kuma abubuwan nan suna ciyar da juna. Shi ya sa nake so a duba duka biyun, kada a tsaya jiran wanda zai ci gardama.

Kin tambayi me za ki ce wa likitan. Ki faɗa masa maganar nan ta cewa da ba za ki farka gobe ba, da ba ki damu ba. Ki faɗe ta yadda kika rubuta mini, kada ki tausasa ta. Na yarda ba kya nufin yi wa kanki komai. Duk da haka magana ce da ya kamata wani mai ilimin abin ya ji, kuma Ejvind ma ya ji. In wata rana ta sauya ta fara kama da shiri, ranar ki kira likitan gaggawa, ba jiran ranar da aka ba ki.

Game da Malene, ke za ki buɗe zancen, don ita ba za ta iya ba. Tsoro ta ji, kuma tana jin kunyar tsoron da ta ji a kan mahaifiyarta. Ki gaya mata tana da gaskiya, a yanzu bai kamata a bar ki ke kaɗai da yaron ba, kuma kin fara neman dalili. Sannan ki roƙi a ba ki shi ta hanyar da hankalin kowa zai kwanta: a lokacin da kika fi wartsakewa, a ɗaura miki shi a ƙirji da majanyi, ita tana zaune gefenki. Kada ki jira sai kin ji marmarin hakan. A halin da kike, sau da yawa yi ne ke zuwa da farko, jin ya biyo baya. Kuma ki lura, matar da ba ta jin komai ba za ta zauna da yatsun da ba sa riƙo ta rubuta doguwar wasiƙa a kan jikanta ba.

Ejvind ya yi kuskure da ya yanke miki ranar ganin likita a bayan idonki, ki gaya masa haka, jikinki ne kuma ke ce mai cewa. Amma bayan kin gaya masa, ki tambaye shi yaya yake. Ina zargin tun ranar da kika faɗi kowa ke tambayarsa lafiyarki, babu mai tambayar tasa.

Allah ya ba ki sauƙi, ya sa a gano bakin zaren da wuri. Ina yi muku fatan alheri, ku duka.

Ingelise