Rediyon Inna Ya Ƙi Sabon Memori

Ƙanena Sabo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya Hauwa da yara? Mu nan Haɗeja lafiya lau, ruwa ya fara janyewa daga fadama.

Memorin da ka aiko mai ɗauke da karatun marigayi Baba, madadin wanda ambaliya ta lalata, ya iso. A wayata yana yi sarai, amma rediyon Inna ya ƙi shi. Mai gyara ya ce wai in sayi sabon rediyo. Na ce, "Malam, tsohuwar da ba ta gani, yatsunta sun haddace maɓallan nan, ita zan mayar aji ɗaya?" Da na karanta rubutun bayan rediyon, ashe ƙaramin memori irin na da yake ɗauka. Kai kuma ka sayo ƙato don burga, ko tambaya babu!

Gobe zan bi shagunan waya kaf neman ƙaramin memori a kwafe karatun a ciki, in babu in wuce Kano. Kullum bayan la'asar Inna na danna maɓalli tana jira. In sha Allahu Juma'ar nan za ta ji muryar mijinta.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hauwa.

Yayarka,
Binta