Giwan Ruwa a Akushin Bubayero

Anacha, 6 ga Nuwamba, 1960

Zuwa ga Yayata Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam Gimba da yara da duk mutanenmu na Inugu. Yaya ƙafar taki, ta sake ki? Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Kin yi ƙorafi na daina rubutu. Wallahi Yaya ba mantuwa ba ce, abin faɗan ne ba daɗi. Maigidan ya samo sabuwar sana'a wadda ba ta kawo ko anini, sai dai ta kwasa. Wani Baturen kamfanin manja ne zai koma ƙasarsu bayan bikin 'yancin kai, aka yi gwanjon kayansa. Mutane na sayen kujeru da fitilu, mutumin naki ya shigo mini da sandar fatsa, fam huɗu. Fam huɗu, Yaya, a kan sanda! Wai ita ba irin gorar da masuntan bakin Kwara ke ɗaura wa zare ba ce, gaɓa uku gare ta, harhaɗa ta ake yi.

Washegari ya gano ashe sandar ba ta aiki sai da wani ƙarfe mai hannu da ake juyawa yana naɗe zaren, shi inji yake ce masa. Ya je kantin Turawa na bakin ruwa ya zube fam shida. Zaren kuma na roba ne, sule goma sha biyar ƙulli ɗaya, kuma ba ya mako biyu sai ya sarƙe a itacen ƙarƙashin ruwa ya tsinke. Na ce to, ko ƙugiyar kyauta ake bayarwa? Ita ma a kwali take zuwa, lamba-lamba.

Da kuɗin ne kawai da na yi shiru. Kin san gidan nan da baƙin shanu yake ci. Falke ya koro shanunsa daga Arewa, maigida ya tare shi a bayan gari, ya sauke shi, ya yanka masa rago ranar farko, ya tsaya masa a kara, kasuwar shanu, har a sayar, sannan ya karɓi la'adarsa. Baƙi biyar marigayi Baba, mahaifinsa, ya bar masa. Biyu sun riga sun koma gidan Alhaji Maikuɗi, don sun gaji da zuwa kara suna tsaye kamar marayu, mai masaukinsu yana bakin kogi. Na yi magana har bakina ya gaji, ko a jikinsa.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ramlatu


Anacha, 18 ga Disamba, 1960

Yayata Haulatu,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun wayi gari lafiya. Wasiƙarki ta iso, daddawar ma ta iso, Allah ya saka da alheri. 'Yata Ma'u tana gaishe ki, ta ce ki faɗa wa Baiwarki ta fara ɗinkin hula.

Kin ce in yi haƙuri, sha'awa ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba, Yaya, ƙaruwa ta yi. Da ranar Asabar kawai yake zuwa kogi, yanzu da an idar da asuba sai ya saɓa sanda. Abin da ya kamo tun farawa zan iya lissafa miki da yatsu: tarwaɗa uku da karfasa ɗaya, irin waɗanda matan Ibo ke kasawa a kasuwar Ose kwabo shida. Matan har suna suka sa masa, wai Oga Bature, shi kuma daɗin sunan yake ji.

Baƙi biyu sun sake tafiya. Saura Bubayero kaɗai. Kin tuna shi, dogon Bafulatanin nan na wajen Gombe da ba ya ɗaga ido ya kalli mace. Shekara ashirin da biyu ke nan yana sauka a gidan nan, tun Baba na da ƙarfinsa. Ba ya zuwa da ƙasa da kai sittin, la'adarsa kaɗai takan riƙe mu wata biyar. An aiko yana hanya, zai iso bayan sabuwar shekara. In shi ma ya bar mu, ban san me za mu ɗora a murhu ba.

Saboda haka na tsaya kai da fata sai da Maigidan ya ware kuɗin ragon tarba, fam uku, ya sa a gwangwani. Kwana huɗu suka yi a ciki. Wani ƙaton kifi ya ja zaren har injin ya ɓalle, shi ke nan sai ya ce ai ya gano inda manyan suke, ƙaramin inji ne ya cuce shi. Ya haɗa kuɗin ragon da na kekensa da ya sayar, ya sayo babba, da zare mai kauri. Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki, da ya ga ina kuka bai yi faɗa ba. Zama ya yi ya ce mini tun yana ɗan shekara goma yake cikin hayaniyar kara, wannan ya rantse wancan ya rantse, shi ne a tsakiya ana jan rigarsa. Wai a bakin ruwa ne kaɗai ba mai neman komai a wurinsa. Na tausaya masa, Yaya, wallahi na tausaya masa. Amma tausayin bai sayo ragon ba.

Ki gaida Malam Gimba, ki ce ina roƙo ko zai rubuto wa Maigidan 'yar nasiha, yana jin nauyinsa.

Taki har kullum,
Ramlatu


Anacha, 15 ga Janairu, 1961

Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya da iyali baki ɗaya.

Bubayero ya iso ranar Talata da kai saba'in da ɗaya. Kuma a safiyar ranar ne, don ki ji ikon Allah, Maigidan ya kama abin da yake nema wata uku. Giwan ruwa, Yaya, tsawonsa ya kai ƙirjina. Mutum biyu suka ɗauko shi a sanda, rabin unguwa na biye da su. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka haifi Ma'u. Saboda kifin bai je tarba ba, Bubayero da kansa ya kora shanu har kara, ya taho gida a ƙafa.

Sai Maigidan ya leƙo madafa ya ce in dafa wa baƙo kifin a madadin rago. Na ce masa ya rufa mini asiri, wa bai san Fulanin su Bubayero ba sa cin kifi ba, ko ƙarninsa ba sa so. Shekara nawa ina dafa masa abinci, ko cokalin da ya taɓa kifi ban taɓa sa masa a miya ba. Na ce ga kajina biyu, in yanka. Ya ƙeƙasa ƙasa ya ce a'a, giwan ruwa ba kifi ba ne irin na kowa, tsoka ce kamar ta rago, kuma mutumin da ya shekara ashirin yana zuwa Kudu ai ya waye. Ni dai na gane so yake baƙon ya ga abin da sandar ta yi, ya yaba. Na gaji da musu, na dafa. Wannan laifina ne, da na yanka kajin a ɓoye.

Da hannunsa ya ɗauki akushin ya kai zaure, ina jiyo shi yana ba da labarin yadda ya yi sa'a guda yana fama da kifin, da kuɗin inji, da kaurin zare. Muryar Bubayero ban ji ba sai sa albarka. Kin san halinsu, ba zai ce ba ya ci ba. Cewa ya yi ya ci abinci a hanya, cikinsa a cike yake. Akushin ya dawo mini yadda ya tafi, ko gefen tuwon bai gutsura ba, don miyar ta taɓa shi. Mutumin da ya yi wata biyu a ƙafa bayan shanu, haka ya kwana a gidanmu da ruwan buta.

Da safe na dama fura na aika, aka ce ya fita tun asuba da tabarmarsa. Kafin azahar labari ya zo Alhaji Maikuɗi ne ke tsaye a kan shanun. Maigidan ya yi kwana ɗaya cur bai ci ba bai fita ba. Na ce ko zai je ya ba da haƙuri, ya ce da wane ido.

Jiya da hantsi aka yi sallama a zaure. Bubayero ne, ya gama sayarwa zai koma. Bai shigo ba, daga bayan katanga ya gaishe ni, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ya ce ya zo ne ya yi godiyar abincin da ya ci a gidan nan tun zamanin Baba, in kuma ya taɓa saɓa mini in yafe masa. Sai hawaye suka zubo mini. Sannan ya tambayi maigidan, yana so su yi ban kwana. Yaya, sandar ba ta nan a inda ake jingine ta. Kunya ta sa na ce ya tafi kara. Ya ce ba komai, a gaishe shi, shi ma daga karar yake.

Ki tambayar mini nawa ake sayar da kwanon alkama a wajenku, zan fara taliyar sayarwa. Ki gaida Malam Gimba da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ramlatu