Koriyar Sitika

Charlois, Rotterdam
3 ga Nuwamba

Zuwa ga maƙwabciyata Riet,

Bayan gaisuwa mai yawa, ki yi mini afuwa da na dame ki da takarda a irin wannan hali. Sau huɗu ina kiran wayarki ba ki ɗauka ba, na ce bari in koma ga alƙalami, tunda shi ba ya tayar da mara lafiya daga barci.

Yaya jikin maigidanki Arie? Tun da kuka tashi zuwa Spijkenisse benen nan ya yi shiru, babu mai buga bango ya ce ƙamshin miyata ya hana shi kallon ƙwallo. Maigidana Allal ya ce kwantenar takalma Arie ya buɗe a sito, ya yi taku uku a ciki ya zube. Daga nan ban ƙara jin komai a bakinsa ba. Kin san shi, shekara goma sha tara yana gwada iskar kwantena ko akwai guba kafin a buɗe, bai taɓa dawowa gida da labari ba. Amma yanzu ko abinci ba ya ci. Sai ya tsaya a taga yana kallon ƙugiyoyin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa kamar yau ya fara ganinsu.

Ina sa ku a addu'a, duk da kin sha cewa in ajiye ta ga masu buƙata. Ki gaishe shi.

Taki,
Mimunt

*

Spijkenisse
9 ga Nuwamba

Malama Mimunt,

Na ga takardarki, da rubutun nan naki kamar inji ya buga. Jiki dai ga shi nan. Hannunsa na rawa, kofi ma sai na riƙe masa. Jiya ya kira ni da sunan uwarsa, na ce, "Kai tsoho, ita ta haife ka, ni wahalarka kawai na gada." Ya yi dariya, sannan ya tambaye ni me ya ba shi dariya.

Kamfani ya ce ba kwantenar ba ce. Wai an gwada ta a ranar, babu gubar feshin ƙwari, ga koriyar sitika a ƙofarta da sa hannun Allal. Sai likita ya koma tambayata kwalba nawa Arie ke sha. Mutumin da giya ɗaya ta ranar Asabar ke kwantar da shi! Yanzu hanta suke ta bincike, ƙwaƙwalwa kuwa tana lalacewa. A sito har an fara cewa a buge ya zo aiki. Shekara talatin yana sauke wa duniya takalmanta da shinkafarta, ladan da ya samu shi ne sunan mashayi.

Ga hoton sitikar da suka aiko. Ban zargi mijinki ba. In Allal ya ce ya gwada, ya gwada. Ranar ashirin masu binciken aiki za su rufe maganar.

Addu'ar kuma, tunda kin nace, turo.

Riet

*

Charlois
14 ga Nuwamba

'Yar'uwata Riet,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ki zauna kafin ki karanta.

Kwanan watan da ke jikin sitikar nan, hannuna ne.

Duk Lahadi bayan Azahar Allal kan kawo naɗin sitikun teburin girki. Shi yakan sa hannu, ni in rubuta kwanakin makon gaba ɗaya, saboda ciwon wuyan hannunsa. Shekara shida muna haka, da shayi a gefe. A makarantar allo a ƙauyenmu na tsaunukan Rif, harafi ɗaya in ya karkace sai an sa ni wanke allon. Na iya gyara rubutu, amma ban taɓa tambayar me nake shaidawa ba.

Na ajiye hoton a gabansa. Ya ce in babban jirgi ya makara, motoci suka yi layi har titi, kwantenonin da suka fito daga hannun mai kaya ɗaya akan gwada guda cikin goma, a manna wa sauran. Kowa haka yake yi, shugabansu ma ya sani. Ya ce, "Tasha ba ta jiran kowa, Mimunt. In na tsaya wa kowace, maƙwabciyarmu Jamus za ta kwana ba takalmi."

Na ce masa, "Baban Nasira, ta Arie fa?"

Ya daɗe yana murza kofi. Ya ce, "Ta bakwai ce a layi, ba ita na gwada ba."

Ya ce in maganar ta fita katin aikinsa za a karɓe, kuma mai shekara hamsin da takwas babu inda za a ɗauke shi. Ya ce don Allah in rufa masa asiri. Na ce sunan da ya ambata shi ne ya hana ni.

Abin da ke cikin ambulan ragowar naɗin ne. Ki duba, akwai masu kwanan Juma'a mai zuwa, ranar da ba ta zo ba, kwantenonin ma suna teku. Ki kai wa likita ya gani, sannan masu bincike. Na gaya wa Allal zan aiko. Bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba.

Ki yafe mana in kina iyawa.

Mimunt

*

Spijkenisse
22 ga Nuwamba

Mimunt,

Na kai. Sun janye maganar giya. Likita ya ce da an faɗa a makon farko, da wataƙila. Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Arie ya ce wai me ya sa ba ya jin ƙamshin miya ta bango. Na ce mun tashi daga gidan. Ya ce yaushe.

Kada ki zo tukuna.

Riet

*

Charlois
1 ga Disamba

Riet,

Ina gaisuwa. An karɓe katin aikin Allal ranar Litinin. Yanzu kullum da safe Allal kan hau bas zuwa bakin ruwa, ya zauna yana kallon jirage suna shiga. Maganarsa da ni ba ta wuce sallama.

Na dafa miyar, na raba ta gida huɗu na sa a firiza. Ba zan zo ba sai kin ce. In kin fi so in ajiye a ƙofa in juya, shi ma ya yi.

Don Allah ki amsa mini da wuri.

Taki,
Mimunt