Sunan da Ka Koya a Rumfar Doya

Lafia, Maris 2004

Zuwa ga Malam Agyeno, inuwar da na tsaya a bakinta na ƙi shiga, ruwan farko a kan ƙasar da ta daɗe da tsagewa, masoyina. Wannan kalma ta ƙarshe na rubuta ta, na kuma bar ta, ban goge ba.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Da Hausa nake rubuto maka, harshen da ya haɗa mu, tun da kai ba ka jin Tibi, ni ma ba na jin Alago. Sai dai a kan wata kalmar Turanci zan yi magana, domin ita ce ta tsaya tsakanina da kai kamar dangar kara: ana hango juna, ba a ƙetarawa.

Sista. A makaranta an koya mana cewa tana nufin ya ko ƙanwa, wadda kuka sha nono ɗaya. A Lafia kuwa ta zama zanen aro, kowace mace yafa mata ake yi. A asibiti, mai farin kaya da ke riƙe da allura Sista ce. 'Yan Katolika da ita suke girmama matan da suka bar aure saboda Allah. Kwandasta a tasha yana ƙwala ta ga matar da bai taɓa gani ba, don kawai ta matsa a cusa wani fasinja. A cocinmu kuma, ita ce ke ba namiji da mace damar jerawa a hanya ba tare da an sa musu ido ba. Ni duk waɗannan sun taru a kaina. Na yi jinyar mahaifiyata har ƙuruciyata ta wuce, ban yi aure ba, na zauna a kan keken ɗinki ina ɗinka wa Zumuntar Mata kaya, sai gari ya laƙaba mini Sista ya huta. Tun da aka binne Mama ban ƙara jin sunana a bakin kowa ba. Ban kuma yi ƙorafi ba. Kalmar ta rufe ni ruf, na ji ɗumi a cikinta.

Ka tuna ranar da muke dawowa daga taron coci a Agyaragu, motar ta lalace, muka sauka muka taka? Itatuwan yazawa sun yi ja a gefen hanya. Ka tsinko guda, ka goge ta da bakin rigarka, ka miƙo mini da hannun nan naka mai ƙanshin katako, hannun da ya gyara kowane benci da nake durƙuso a gabansa. Ya kai sanyin la'asar, ya kai ƙoramar da ba ta ƙafewa da rani! Sannan ka ce, “Sista, ki ba ni izini in kira ki da sunan da mahaifiyarki ta ba ki.”

Ni kuwa na gyara ɗankwalina, na ce, “Sista ta isa, Malam.”

Muka ci gaba da takawa har muka shigo gari. Yazawar ma ban sha ba. Tana kan tagata, ta yanƙwane.

Shekaranjiya na je kasuwa wurin Iveren mai doya, 'yar ƙabilarmu, wadda ita ma Sista take ce mini. Tana dariya ta ba ni labarin wani dattijo kafinta, wanda matarsa ta rasu, da ya yi ta zarya rumfarta tun kaka, yana sayen doyar da mutum ɗaya ba zai iya cinyewa ba. Kowane zuwa sai ya roƙe ta ta maimaita masa wani suna na Tibi, shi kuma ya yi ta ɓata shi, har ta tambaye shi ko doya ya zo saye ko makaranta ya shiga. Ta ce da ta gaya maka ma'anarsa, wato wadda ta fi kyau, sai ka ce wannan kam ba ka bukatar tafinta. Ta ci gaba da dariyarta. Ni na ɗauki kwandona na juya, don kada ta ga fuskata.

Ashe a wannan hanya sunan yana bakinka, ka wanke shi, ka goge shi, kana jiran izini kawai? Wayyo ni! Na yi azumi na tambayi kaina: tsoron Allah ne ya amsa maka, ko tsoron bakin matan zumunta? Tsarki ne, ko girman kai ne ya ɗaura zanen coci? Na bincika zuciyata kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ban sami inda Ubangiji ya hana mace mai furfura amsa sunanta ba.

Yanzu Fasto ya sanar cewa bayan Ista 'ya'yanka za su zo su mai da kai Doma, domin ka ce babu abin da ya riƙe ka a Lafia. Hasken safiyata, akwai. Ba ni da ƙuruciyar da zan ba ka, ba ni da daɗin baki. Ina da keken ɗinki, da gwiwoyin da suka saba da addu'a, da zuciyar da ta makara amma ta iso.

Ranar Lahadi bayan sujada zan tsaya a ƙarƙashin mangwaron ƙofar coci, inda jama'a suka fi taruwa. Ka kira sunana a wurin, da murya, kowa ya ji. Ko ka ɓata shi zan amsa. Idan kuma ka wuce ka ce Sista, zan ce sannu Malam, in san ni na saya da bakina, in kuma ci gaba da sa ka a addu'a har numfashina ya ƙare, ba tare da wani ya zauna inda ka zauna ba.

Taka, yau da ranar da za a kira kowa da sunansa na gaskiya,

Hembadoon

Ka ja ƙarshensa kaɗan, yadda Iveren ta koya maka.