Ma'aunin da Ba Ya Aiki Daga Nesa

Zuwa ga Naja'atu, sanyin idona, hantsin safiyata, ruwan randata a tsakar zafin rana, ke da jin sunanki kaɗai ke sa in manta abin da ya fito da ni daga gida. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga Zongon Parakou zuwa Kolokondé. Ya aikin asibiti? Ya Gwaggo Hadjo da ciwon ƙafarta?

Naja, wallahi Parakou ta yi mini faɗi. Tun da aka tura ki ƙasar Djougou, nake zaune a shagon hoto ina kallon fuskokin mutane, amare da 'yan makaranta da alhazai, kowa da murmushinsa a bango, amma fuskar da nake nema ba ta cikinsu. Mai hoto guda, ba shi da hoton wadda yake so! Wa zan faɗa wa wannan bai yi mini dariya ba?

Kin tuna ranar tafiyarki a Gare, tashar mota? Kin tsaya jikin farar katanga da farin hijabinki, rana ta take tsaka, direba na ta danna oda. Ke kika hana ni ɗaukarki da waya, kika ce fuskarki ba ta yawo hannu-hannu ba ce, in ina so in ɗauka da tsohuwar kamarar Baba mai fim, wadda hotonta takarda ce da mutum zai ajiye a ƙirjinsa. Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Na tsaya can tsallaken hanya, don 'yan'uwanki na wurin, na yi ta ɗauka har fim ya ƙare.

An wanko shi daga Cotonou, ya iso. Kaico, Naja! Hijabinki ya fito tas, har ɗinkin bakinsa. Rubutun jikin motar ya fito. Mai lemon da ke bayanki ma ta fito da haƙoranta. Fuskarki ce kawai babu, sai duhu. Ma'aunin hasken da ke cikin kamarar ne ya ga farin tufa da farar katanga, ya ɗauka haske ya yi yawa, ya tsuke idon kamarar, ya cinye mini ke. Ina idanun nan naki masu kama da sabon wata? Ina 'yar wushiryar da ke fitowa in kina tsokanata? Na zuba hotunan a tebur ina ta juya su ɗaya bayan ɗaya, har aka kira la'asar.

Shi ya sa na je wurin Soumaïla, mai sayar da tsofaffin kayan hoto a bayan tasha, na ce ya nemo mini ma'aunin haske na hannu, wanda aljihun talaka zai iya ɗauka. Ya fito da uku. Na farko tsoho ne tukuf, ba ya cin batir, amma allurarsa ta gaji. Na fita da shi rana, na shiga inuwar mangwaro, da ƙyar ta motsa, na ajiye shi. Na biyu ɗan gayu ne, ana leƙa shi da ido ɗaya, a auna hasken fuskar mutum daga tsallaken titi ba tare da an matso ba. Soumaïla ya yi ta koɗa shi, wai an yi shi ne don irina masu kunya. Tsadarsa kuwa, ko babur ɗina na sayar sai na yi ciko.

Amma ba tsadar ce kaɗai ta kore ni ba, ya abar ƙaunata. Na gaji da tsallaken titi. Daga can na rasa fuskarki.

Na uku na ɗauka. Ɗan ƙarami ne, ya sha hannu, gefensa a goge, yana cin batir irin wanda ake samu a kowane tebur, ko a ƙauye. A kansa akwai wani farin ƙoƙo kamar rabin ɓawon ƙwai. Shi ba ruwansa da farin hijabi ko farar katanga, hasken da ke sauka a kan mutum yake aunawa. Sai dai yana da sharaɗi guda: dole mai hoto ya tako har gaban wanda zai ɗauka, ya riƙe shi daidai ƙarƙashin haɓarsa, ƙoƙon na kallon kamara. Daga nesa ba ya aiki.

To ki gaya mini, zinariyata, ta yaya zan tsaya kusa da ke haka a gidan Gwaggo Hadjo, inda baƙon namiji ba ya wuce ƙofar zaure? Da wane suna? Ni ba wanki ba, ba mijinki ba, manyana ba su taɓa taka gidanku ba. Na yi magana da Kawu Gaji, ya ce a shirye yake ya ɗauki goro ya hau motar Djougou. Abu ɗaya yake jira, shi nake jira ni ma: ki ce su zo. Don Allah, Naja, kada ki bar ni a tsallaken hanya. In zuciyarki na wani wuri, ki faɗa mini, zan haƙura ko da ban san yadda ake yi ba. In kuwa tana inda tawa take, ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa.

Na sayi sabon fim, na ɓoye shi a wuri mai sanyi, ba zan ɗauki kowa da shi ba. Kowace safiya in hantsi ya sauko tsakar gidanmu, nakan fita da ma'aunin, in ɗaga shi daidai inda haɓarki za ta kai in kina tsaye gabana. Allurar takan motsa, ta nuna mini hasken ya yi daidai. Komai ya yi daidai, Naja. Ke ce kawai babu a wurin.

Ni ne naki, yau da gobe, har ranar da hasken idona zai ƙare,

Nouhou mai hoto,
Zongo, Parakou.