Tagar Ɗakin Ajiya

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, kuma don Allah ki daina hawa kujera kina goge fanka, kin wuce wannan shekarun. Mu nan lafiya lau muke. Yayanmu ya warware har ya koma faɗansa da ya saba, jaririn Auta kuma ya fitar da haƙori biyu, yana gwada su a jikin duk wanda ya ɗauke shi.

Kin tambaye ni labarin makarantar renon yara da na buɗe bayan na yi ritaya. To gyara zama, yau yayarki za ta amsa laifi, abin da kin san ba halinta ba ne. Shekara talatin ina koyarwa a firamare da doka guda: uwa ta ajiye ɗanta a bakin ƙofa ta juya, kada ta waiwaya. Ita na kwaso na ɗora wa 'yan shekara biyu da uku. Na sa an yi wa bango fenti, an zana raƙumin dawa da wuyansa ya kai rufi, na sayi lilo, amma iyaye suka riƙa zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, wai makarantar ta yi musu nisa. Nisa fa, alhali wata daga ƙofar gidanta tana hango tamu.

Wadda ta buɗe mini ido wata ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata. Ɗanta ɗaya ne, muna kiransa Lukuti saboda kumatu. Kullum da safe sai ya damƙe gefen rigarta yana ihu, sai mun ɓamɓare yatsunsa da ƙyar. Wata Litinin, tana miƙa shi sai ta faɗo ofishina ido jawur, ta zaro takardar ajiye aiki daga jaka ta nuna mini, ta ce ranar za ta miƙa ta. Aikin da ta yi shekara da shekaru tana karatu dominsa. Ta ce da kukan nan a kunnenta take shiga mota, da shi take yini a kan marasa lafiya, ba za ta ƙara barin ɗanta yana kuka daga safe har yamma ba.

Daga safe har yamma? Yaron da kukansa ba ya kai minti biyar! A nan na gane cewa sau biyu kawai iyaye ke ganin makarantata: da safe lokacin kuka, sai da yamma lokacin da yaro ya gaji yana rigima. Duk daɗin da ke tsakiya mu kaɗai muke sha, kuma ni da hannuna na rufe musu ƙofa. Wallahi kunya ta rufe ni.

Na roƙe ta ta ba ni minti goma. Na ja ta ta ƙofar baya zuwa ɗakin ajiya, inda muke jibge katifu da tsintsiya, don akwai 'yar taga a ciki mai kallon ajin. Na ɗaga gefen labule. Ga Lukuti zaune a kan kwali, murfin bokiti a hannu yana murzawa, ya jera yara uku a bayansa, shi ne direba. Hawayen ma bai bushe a kumatunsa ba, amma har yana yi wa wata yarinya tsawa don ta shiga mota ba ta rufe ƙofa ba.

Nas ta kalla, ta sake kallo, sai ta fashe da kuka. Na tsorata, na tambaye ta me kuma ya faru. Ta ce wato wata biyu tana ramewa a kan wannan ɗan butulcin, shi kuwa ko kan layi ba ta kai ba ya zama direba? Tana kuka tana dariya har sai da na toshe mata baki. Can ta duba agogo, ta ce wayyo ta makara, ta suri jaka ta fita da gudu. Asibiti ta nufa, takardar kuwa a kan katifu ta bar mini ita.

Washegari na kwashe tsintsiyoyin, na sa benci a gaban tagar. Yanzu duk wanda hankalinsa bai kwanta ba yana iya zama ya leƙa, mai sauri kuma mu kira shi a waya da zarar yaron ya yi shiru. Har wani ƙaton kafinta na kama yana leƙen 'yarsa yana share ido, ya ce mini wai ƙurar katako ce. Biyu daga cikin masu kukan nisa sun dawo da yaransu, ban kuma tambaye su ko gidajen ne suka matso ba.

Nas tana nan a bakin aikinta. Shekaranjiya Lukuti ya saki hannunta ya ruga aji, ya manta da kukan gaba ɗaya. Ta tsaya a ƙofa jiki a sanyaye. Har ya kai tsakar gida sai ya waiwayo ya ga fuskarta, ya dawo a guje, ya kama gefen rigarta ya yi mata ɗan kuka kaɗan don kada ranta ya ɓaci, sannan ya koma wajen motarsa.

Ki gaida maigida, ki gaida ɗanki Babban Yaya da takwarata, ki ja wa autarki kunne ta riƙa rubuto mini. Yayanmu da Auta suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki